Jirgin Ruwan Mutari Direba

In ka shiga Kanan-Bakashe kana neman gidan Mutari, sai ka faɗi wanne, don masu sunan sun yi yawa a garin. Amma ka ce Mutari Direba, ko ɗan yaye zai nuna maka ƙofar. Dogon mutum ne mai faɗin dariya, wanda in ya fara ba da labari a majalisa shayi ke hucewa a hannun mutane. Yau ba ya tuƙa komai sai babur ɗin kabu-kabu, amma sunan ya liƙe masa, shi ma kuwa bai taɓa cewa a cire ba.

Ɗan manoma ne gaba da baya, sai dai shi da hauya ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Tun yana ƙarami, ran kasuwa in motocin Tasawa sun iso, sai a neme shi a gona a rasa. Yana can yana zagaya mota yana shinshina isansi, man mota, kamar mai shaƙar turare. Ubansa ya yi faɗa har ya gaji, daga baya ya sa masa albarka ya sake shi. Ya yi yaron mota, ya sha zagi, ya sha rana a saman kaya, har Allah ya ba shi farmi, wato takardar tuƙi. Daga nan wani furoje, wato aikin masu ba da tallafi, mai gina rijiyoyi a karkara ya ɗauke shi aiki a Mayahi, aka damƙa masa farar mota kat-kat. Wayyo, zo ka ga Mutari a lokacin! Motar nan ya fi wanke ta a kan jikinsa.

A wannan zamanin ya auri A'i, ɗiyar Malam Rayyanu, dattijon da ke limanci a wani masallacin unguwa a Kanan-Bakashe. Mutari mutum ne da bai jin nauyin kowa. Manyan biro, wato ofis, ma yana tuƙa su yana jansu da wasa. Amma fa ban da surukinsa. Tun daga nesa in ya hango Malam Rayyanu, bakin nan mai zuba kamar famfo sai ya mutu. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sadda kai ƙasa, ba ya tashi sai gaisuwa ta ƙare tas. Ko a tsakiyar kasuwa ne haka yake yi, ko cikin ƙaya.

Allah ya ba su 'ya'ya biyu, Asiya da ƙanenta Lamine. Asiya sunan mahaifiyar Mutari ta ci, don haka ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce Uwata. Yarinya ce mai tambaya kamar alƙali. Baba mi ya sa kaza, Baba yaushe za a yi kaza, tun daga kalaci har tuwon yamma. A'i takan ce kanta na ciwo, shi kuwa Mutari daɗi yake ji, don a duniya babu abin da ya fi so irin a tambaye shi ya ba da amsa.

Wata shekara ya kai shugaban aikinsu taro Yamai. Da aka tashi taro, aka kwashi baƙi har da direbobi aka sa su cikin jirgin ruwa na shan iska a kan kogi. Jirgi mai rumfa, da kujeru, ana kiɗa, ana kawo abinci kana zaune ruwa na tafiya da kai. Har dorina suka gani ta ɗago kai. Mutumin da ya tashi cikin yashi, wanda ruwan da ya sani bai wuce na guga ba, ai sai abin ya zauna masa a rai. Ya dawo Mayahi da labari, labarin kuma kullum ƙara ƙiba yake. Dorina ɗaya ta zama garke. Jirgin ya yi ta tsawo har A'i ta ce in aka ƙara shekara sai ya taɓo Maraɗi.

Asiya ce ta fi kowa riƙe labarin. Ranar da ta shiga ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, Mutari ya dafa kanta a gaban uwarta ya ce, "Uwata, ki ci jarrabawar shiga kwaleji. In kin ci, hutun nan mu duka za mu tahi Yamai, in sa ki cikin jirgin nan da hannuna. Na yi miki alkawari." Shi ke nan, yarinya ta samu abin tambaya. Baba jirgin yana da taya? Baba dorina tana cin mutum? Duk ƙawayenta sai da suka ji cewa ita hutun bana a kan ruwa za ta yi shi.

Ana cikin haka, da bazara, aka tara ma'aikata a biro aka ce furoje ya ƙare, masu ba da tallafi sun janye. Babu wanda ya yi laifi, babu wanda za ka kama ka yi wa faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. Mutari ya wanke kat-kat wankin ƙarshe, ya miƙa makulli, ya tako gida a ƙasa. Ranar A'i ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, mijinta ya shigo babu labari a bakinsa.

Suka jira Asiya ta rubuta jarrabawa, sannan suka saki gidan haya suka koma Kanan-Bakashe, gidan gado. Mutari bai zauna yana zullumi ba, a ba shi wannan. Ya samu babur yana kai mutane ƙauyuka, ya kuma koma wa hauyar da ya guda tun yana yaro, tana rama abin da ya yi mata a tafin hannunsa. A'i ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida. Tuwo dai bai yanke ba. Sakamako ya fito, Asiya ta ci, har tana cikin na gaba-gaba. Aka yi guɗa, aka dafa shinkafa.

Sai dai wani abu ya canza a gidan, kuma Mutari kaɗai ya lura. Asiya ta bar tambaya. Ba ta ce Baba yaushe ba, ba ta ƙara ambaton Yamai ko dorina ba. Ta kawo masa ruwa, ta gaishe shi, ta wuce. Rasa aiki bai cinye shi kamar wannan shirun ba. A ransa ya gama yanke cewa ɗiyarsa ta sa shi cikin sahun masu faɗa ba cikawa, ta daina ɗaukar maganarsa da nauyi. Wannan kuwa ba zai iya zama da shi ba.

Damina ta yi kyau a shekarar, tabkin bayan gari ya cika ya batse. Wata safiya Mutari ya sauke fasinja a gefensa, ya tsaya yana kallon wani bido, jarkar roba, da yara suka jefa yana yawo a kan ruwa. Ya daɗe yana kallo. Da ya dawo gida, A'i na ganin idonsa ta ce, "Baban Lamine, wannan kallon naka ban yarda da shi ba. Mi kake ƙullawa?"

Abin da ya ƙulla ke nan: ya aro tano, wato gangunan ƙarfe, guda huɗu wurin masu sayar da mai, ya toshe bakinsu da roba. Ya kwance katakon amalanken shanun wansa, ya ɗora a kai, ya ɗaure da igiyar kaba, ɗauri irin na tsohon yaron mota wanda ko gargadar hanyar Gidan Amumune ba ta kwance shi. Ya kafa sanduna ya yi rumfa da tabarma. Masu wucewa suka yi ta tsayawa. Wani ya ce rumbu ne, wani ya ce a'a, rashin aiki ne ya fara taɓa bawan Allah. A'i ta yi dariya har da riƙe ciki, amma da ranar ta zo ita ce ta tashi ta yi dambun zogale, ta soya zabuwa, ta ɗauko zanenta na biki.

Da la'asar sakaliya aka tura jirgi cikin ruwa, kuma wallahi ya tsaya! Yaran gari suka kwashe da sowa. Mutari ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki, ya miƙa wa Asiya hannu ya hau da ita, sannan Lamine, sannan A'i da kwanukanta tana salati tana cewa ita fa ba ta yafe ba in ta mutu. Ya kunna kiɗa a waya, ya kafa doguwar sanda a ƙasan tabki ya tura. Suka rabu da gaɓa a hankali. Iska mai sanyi ta taso daga gonakin hatsi. Wani bijimi ya shigo shan ruwa, Lamine ya daka tsalle yana ihu, "Dorina! Ga dorina!" Asiya ta sa hannu cikin ruwa tana ja, tana murmushi. Mutari na satar kallonta, amma har yanzu ba ta tambaye shi komai ba.

Sun kusa kaiwa ɗaya gefen ke nan, A'i ta buɗe kwanon dambu, sai ga Malam Rayyanu a kan jakinsa ya biyo bakin tabki, yana dawowa daga gona. Ya ja linzami ya tsaya yana kallon ikon Allah.

To, mutumin da ya tashi a bakin kogi ya san ba a taruwa gefe guda a cikin jirgi. Su Mutari wa ya taɓa gaya musu? Abin da suka sani shi ne ba a gaida babba a tsaye, ba a kuma gaishe shi daga nesa in da halin matsowa. Mutari ya saki sanda, ya tuɓe takalmi, ya tako har bakin katako ta wajen surukinsa ya durƙusa. A'i ta gyara mayafi ta matso bayansa ta durƙusa ita ma. Yara suka rugo suna "Kaka! Kaka, ga mu cikin jirgi!"

"Barka da yamma, Ba..." Iyakar abin da Mutari ya samu faɗa ke nan. Tano biyu na baya suka ɗaga sama, rumfa ta rufto, jirgi ya juye su gaba ɗaya, tsulum, da su da dambu da zabuwa.

Allah ya taimaka ruwan wurin bai wuce ƙugu ba. A'i ta miƙe tana tari da Lamine a hannu, Asiya ta tashi da kanta tana share fuska. Mutari kuwa, da ya ga kowa na tsaye, sai ya tuna gaisuwa ba ta ƙare ba. Ya koma ya durƙusa cikin ruwan, ya kai masa har wuya, ga ganyen bado a kan hularsa. Malam Rayyanu ma dattijo ne da bai san a yanke gaisuwa a tsakiya ba.

"Mutari, ina gajiya?"

"Babu gajiya, Baba."

"Ina iyali?"

"Lahiya lau suke, Baba."

"To madalla," in ji tsohon, gemunsa na rawa. Ya yi ta maza ya riƙe dariya, ya riƙe, har dai ta ƙwace masa. Ya kifa kai a wuyan jaki yana dariya har da hawaye. Bakin tabki ya ɗauka gaba ɗaya. A'i ma tana faɗan zanenta tana dariya, ba ka sanin wanne ya fi yawa.

Mutari kaɗai bai yi dariya ba. Ya fito ya koma gefe ƙarƙashin wani gawo, ya zauna yana matse hula, kunya da baƙin ciki sun cika masa ciki. Can sai ga Asiya ta zo da takalminsa ƙafa ɗaya da ta tsamo, ta aje a gabansa, ta zauna kusa da shi. Ya kasa kallonta.

"Uwata," ya ce, "ba wannan na yi miki alkawari ba. Yamai na ce, ban iya ba. Wannan ɗin ma ga yadda ya ƙare. Na san kin bar yarda da maganata, kuma ban ga laihinki ba."

Asiya ta juyo da mamaki. "Wa ya ce na bar yarda? Baba, tun ranar da ka shigo gida a ƙasa babu mota na san ba mu zuwa bana. Sau ɗaya na tambaye ka bayan nan, ranar ba ka ci tuwo ba. Shi ya sa na yi shiru."

Sai a lokacin Mutari ya gane. Ashe duk watannin nan da yake zaton ta raina shi, tausayinsa take ji, tana haɗiye tambayoyinta don ya ci abinci. Ya sa jiƙaƙƙiyar hular ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza, ya yi kuka sosai irin wanda bai yi ba ranar da ya miƙa makulli.

Ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta miƙe ta kama hannunsa tana ja. "Tashi mana, Baba, iska na tahiya da jirginmu. Mi ya sa ya juye? In mun zauna tsakiya zai sake juyewa?"

Ya share ido, ya tashi ya bi ta, yana yi mata bayani har suka shiga ruwan.