Gonar Fayin da Abokina Ya So Saye

Muna sallame sallar asuba muka bar masaukinmu na unguwar Sanyuanli, kowa fasfonsa a aljihun gaba, domin gasar Olamfik ta ƙarato, 'yan sanda kuwa ba sa ganin baƙar fata su wuce ba su tambayi takarda ba. Ni ɗan katako ne a Kano, makullai da hinjin ƙofa na zo saye birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Abokin tafiyata mutumin Maraɗi ne, falken takalma, mun shekara shida muna haɗuwa a masauki ɗaya. Wani dillali ɗan ƙasar ne ya kwaɗaita masa gonar itacen fayin a kan duwatsun arewa da birnin, wai nan da 'yan shekaru a sare a yi katako. Jarinsa kaf yake shirin zubawa, shi ya sa ya ce in raka shi in duba masa. Na faɗa masa ni mataccen itace na sani, ban san mai rai ba, ya ce a hakan ma na fi shi.

Dillalin ya zo da ƙaramar bas mai sanyi, da ruwan gora, da lemo. Ko kuɗin ƙofar hanya ya hana mu biya. Tun a nan hankalina ya ƙi kwanciya. A garin da za ka yi awa guda kuna ciniki kan yuwan biyu, mutum ya ɗauko maka mota kyauta? Ruwa ba ya tsami banza. Kowace magana sai ya ce da abokina “laoban”, wato maigida, shi kuma sai wani gyara zama yake yi kamar an ba shi sarauta.

Hanyar dai sai wanda ya gani: kwalta sumul, tutoci a kan kowace gada, gonakin shinkafa da ayaba har iya ganinka. Mun tsaya cin abinci a wani ƙauye, aka kawo miya mai ƙamshi da nama a ciki. Na tambayi naman mene ne, dillali ya yi dariya ya ce mai kyau ne. Dafaffen ƙwai huɗu na ci da ayaba, ƙwan ma ni na ɓare abina.

Wajen hantsi muka isa. Fayin itace ne miƙaƙƙe kamar turken wuta, ganyensa sirara kamar tsintsiya, yana ƙamshin ƙaro. Gonar ta rufe dutse guda, shekararta tara da dasawa inji dillali. Ya fito da tef, ya auna kaurin bishiya biyar na bakin hanya, ya danna kalkuleta, ya ninka da yawan bishiyoyin da ke rubuce a takarda, ya juyo mana da ita. Abokina ya ga lambar ya haɗiye yawu.

Ni kuwa gonar mahaifina na tuna. Dawar bakin hanya kullum ta fi ƙiba, domin ta fi samun rana da iska, kuma ba wanda ya san noma da zai sayi gona a kan kunyar farko. Na ce ina so in shiga ciki. Dillali ya kaɗa hannu ya ce “meiyou”, babu hanya, kuma akwai macizai. Na ce to. Bayan ɗan lokaci na ɗauki gorar ruwa na nuna masa cikina, na sulale bayan wata bishiya, na yi ta tafiya.

Ban yi nisa ba na fara cin karo da kututture, sabon sara, ga itatuwa a kwance. Can na hango wata tsohuwa da hular kaba, zarto a kafaɗa, gwangwanin jan fenti a hannu, tana shafa wa bishiyoyi alama. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ga ɓarauniyar nan, ana ciniki a waje ita tana kwashe kayan ta baya. Na tsaya a gabanta ina nuna kututturan ina faɗa da Hausa, kamar za ta ji.

Ba ta ko razana ba. Ta ajiye gwangwani, ta kama hannun rigata, ta nuna mini sama. Sai a lokacin na ɗaga kai. Yawancin bishiyoyin ba su da kai, sun karye daga sama kamar an bi da adda. Ta rungume jikinta tana karkarwa, ta yi alamar abu yana zubowa daga sama, na gane ƙanƙarar da aka yi ta labarinta a farkon shekarar ce. Ta ja ni ƙasan wasu, ta nuna mini inda aka tsaga bawonsu aka rataya leda ana tatsar ƙaro. Wannan kam fannina ne: gindin da aka yi wa wannan rauni tun yana ƙarami ba ya ba da katakon kirki. Saran da take yi kuwa ragi ne, irin wanda muke yi wa gero, a cire raunana domin masu lafiya su samu sarari. Kunya ta kama ni sosai.

Muka auna fili taku ashirin kowane gefe, ita tana ƙirga da yatsu. Ba ni da tef, sai na zaro carbina, Allah Ya yafe mini. Da na gwada shi daga baya a kan na bakin hanya, bai zagaye su ba. A ciki kuwa yana zagayewa har da saura. Cikin bishiya arba'in da ɗaya, goma sha ɗaya ne masu kai da lafiyayyen gindi.

Na fito ina murmushi don kada dillali ya gane, na ce da abokina da Hausa, “Malam, ko kashi ɗaya cikin uku na abin da ya nuna maka ba za ka gani ba. Kada ka sa hannu.”

Ya ce, “Alhaji, mi ka gani? Na riga na hwaɗa ma mutanen gida ina sayen gona a Sin.”

Na ce, “Gara su yi maka dariya wata guda da su yi maka jaje shekara goma.”

Ya mayar da bironsa aljihu. Dillali bai ji Hausa ba, amma ba makaho ba ne. Idonsa ya sauka kan hannun rigata, inda yatsun tsohuwar suka bar jan fenti, sannan ya juya ya daɗe yana kallon cikin gonar. Na ce masa jikin bishiya na goga. A hanyar komowa babu lemo, kuma mu muka biya kuɗin ƙofa.

Bayan kwana biyar na sauka Kano da makullaina. Abokina ya koma Maraɗi da takalmansa, jarinsa cif, kuma har yau yana cewa zargina ne ya cece shi. Ni na san ba haka ba ne. Na koyi cewa bishiya daga sama ake fara duba ta, gona kuma daga tsakiya. Amma zargin da nake taƙama da shi, a kan mai gaskiya ɗaya tak da ke wurin ya fara sauka, kuma ni ne na fito da shaidar da ta tona ta. Ban san sunanta ba, ban san ko aikin nan ya ɗore mata ba.