Abin da Kake Mantawa Kullum

Shekara ashirin da shida Magatakarda ya yi yana jera fayil a ofis, bai taɓa ɓatar da takarda ko ɗaya ba. Amma a gida sai a hankali. Tabarau na goshinsa zai tayar da gida da nemansa. Saboda haka ranar da aka kawo kwamfuta, matarsa Malama ta naɗa kanta admin, mai iko da komai, shi kuma ta buɗe masa ɗan gurbi da zai yi rubutu ya kalli hotuna, ba sakawa ba gogewa.

"Baban Auta, in na ba ka iko, kafin la'asar ka share mu duka," in ji ta.

Ya yi fushin kwana biyu, ya sauko don kansa.

Wata tara da rasuwarta, 'yarsu Auta ta zo masa da bukata. A cikin kwamfutar akwai faifan ajiya na biyu inda Malama ke tara darussanta da tambayoyin jarrabawar 'yan aji huɗu. Auta na son wurin don aikinta na ƙarshen karatu.

"Na kwashe hotuna, Baba. Sauran tarkacen makaranta ne. Ka yi masa fomat kawai, ya koma wayam."

Ya zauna a kujerar da har yanzu matashinta ke kai, ya danna. Kwamfuta ta ce sai da kalmar sirrin admin. Ya koma gurbin Malama ya gwada sunan Auta, ta ƙi. Sai ga ɗan rubutun tuni ya fito a ƙasa, wanda ta ajiye da hannunta: "Abin da Baban Auta ke mantawa kullum."

Dariya ta ƙwace masa, ta ƙare da hawaye. Matar nan ko a kabari ba ta bar tsokanarsa ba.

Ya gwada tabarau. Ya gwada makulli, magani, hula, cajar waya. Kullum in ya dawo aiki sai ya zauna ya gwada biyu ko uku, rubutun ya sake fitowa, ya ji kamar daga kicin take magana. Gaskiya kewarta ce ke zaunar da shi, ba faifan ba. Auta ta ce akwai mai gyara da zai share shi ba tare da kalmar ba. Ya ce a'a, ba a shiga kayan mutum ta taga.

Ranar wata Talata ya ɗauki jaka, ya kama ƙofa zai fita, sai ya tsaya cak. A daidai nan ne Malama ke ɗaga murya kowace safiya: "Malam, ka manta wani abu!" Shi kuma ya leƙo ya ce, "Sai na dawo." Ranar da ta faɗi a makaranta, faɗuwar da ta zama ajalinta, ta riga shi fita, ba wanda ya tuna masa.

Ya koma ya rubuta kalmomin uku a haɗe. Yatsansa na kan maɓalli, ya tuna da zarar kwamfutar ta buɗe, darussan Malama sun tafi, kuma ba sauran mai tambayarsa. Ya goge su harafi harafi.

Auta ta fito da kofin shayi. "Baba, ka tuno?"

"Kin san halina," ya ce. "Na manta."

Ya gyara matashin kujerar, ya dubi allon kwamfutar da sunan Malama ke kai, ya ce a hankali, "Sai na dawo."