Babbar Riga a Igiyar Tuta

Har yau in na ga an shanya babbar riga sai raina ya ɓaci. Shekara shida ke nan ina aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa na haya a Dubai, kuma tun kafin a bar ni in taɓa sitiyari aka koya mini tutoci. A teku ba a kiran mutum da baki, iska ce za ta kwashe maganar. Ƙyalle ake ɗagawa. Akwai wata tuta, rabi fari rabi shuɗi, bakinta a tsage kamar wutsiyar kifi. Duk direban da ya hango ta ya san akwai mutum a ƙarƙashin ruwa, dole ya rage gudu ya yi nesa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya zo daga Kano sarin kaya. Da ya gama loda kwantena, na roƙi kyaftin ya bar ni mu zaga da shi ranar da babu baƙi. Ya taho daga masaukinsa na Al Nahda cikin babbar rigar shadda da ta sha aiki, sai ka ce ɗaurin aure za shi. Ba mu yi nisa ba ruwa ya fallatso ya jiƙa shi sharkaf.

Can sai tsohuwar ragar kamun kifi ta nannaɗe mana farfela. Makanikinmu, wani ɗan Kerala mai 'ya'ya uku a gida, ya ɗauki wuƙa ya shige ƙarƙashin jirgi. Ni da hannuna na ɗaga tutar nan. Kyaftin ya sauka wajen inji, ni kuma na tsaya a baya ina riƙe da igiyar da ke ɗaure a ƙugun makaniki.

Da na waiwaya, sai na ga Kawu ya sauke tutar, ya ninke ta ya ajiye a kujera. Ya ɗaure rigarsa ta hannuwa a igiyar tutar, yana ja tana hawa sama. Shi dai igiyar shanya ya gani.

Ga abin da ke ƙona mini rai. Na gani, na san abin da ke nan, amma ban yi ihu ba. Na tsaya neman kalmar da ba za ta zama rashin kunya ba.

"Kawu, ranka ya daɗe, da dai za a ɗan yi haƙuri a mayar da..."

"Kai ɗan nan, wannan tsumman ne ya fi shaddata? Shwaiya, ɗan kaɗan kawai ta sha iska, khalas, shi ke nan."

Ina cikin lallami wani jirgi mai gudu ya taho. Me direbansa zai gani? Riga tana kaɗawa. Ya wuce dab da mu a guje, ruwan da ya tayar ya ɗaga jirginmu ya maka shi a kafaɗar makaniki.

Ni da kyaftin muka jawo shi, hannunsa na dama yana lilo. A nan ladabina ya ƙare.

"Ka kusa kashe mutum saboda riga!"

"To ni na sani? Ai komai ƙaddara ne."

Ƙaddara! Na fizgo rigar na wurga ta cikin teku, ban kuma yi da-na-sani ba.

Hannun nan bai ƙara ɗaguwa ba. Aikin inji ya gagare shi, ya kwashe kayansa daga Sonapur, unguwar leburori, ya koma ƙasarsu. Labari kuwa ya riga Kawu isa Kano, amma rabinsa: wai na je Dubai na yi kuɗi, na zagi kawuna, na jefa masa riga a ruwa.

Mahaifiyata ta kira ni. "Ka kira shi ka ba shi haƙuri. Kawu ai uba ne."

"Umma, mutum fa ya rasa hannunsa."

"Allah ya ba shi lafiya. Amma ka san shaddar nan ta ɗaurin auren 'yarsa ce?"

Ban kira ba, ba kuma zan kira ba. Haƙuri ɗaya na bayar, a filin jirgin sama, ga makanikin da ya dogara da tutata. Ya miƙo mini hannun hagu muka gaisa.