Galan Ɗin Kananzir

Shekara talatin Mai Agogo ya yi a ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin kasuwa, da ɗan teburinsa mai gilashi da madubin da yake maƙalawa a ido ɗaya. Duk abin da ya kwance sai ya jera shi bi da bi, na farko a hagu, na ƙarshe a dama, kuma bai taɓa mayar da agogo ya bar ƙusa ko ɗaya a kan tebur ba. Wayar hannu ta cinye masa rabin sana'a, amma girman kai na nan daram. Tun ranar da wani bakanike ya ɓatar masa da noti ya maye gurbinsa da guntun wayar ƙarfe, ya rantse babu mai sake taɓa masa babur. Ya ce wanda ya iya cikin agogo ai babur wasan yara ne a gare shi.

A gida su uku ne, shi da matarsa mai aiki a shagon ɗinki sai yamma, da mahaifiyarsa a ɗakin baya. Tsohuwar ba ta da ciwon kwanciya. Hannunta ne ke rawa, kuma tun wani zazzaɓi da ta yi hancinta ya daina jin ƙanshi ko wari. Rawar hannun nan ita ke ba shi haushi. Kullum sai ta zubar da rabin shayinta a tabarma, kullum sai ya yi tsaki. Duk da haka ba ta yarda kowa ya dafa mata shayin ba. Da agogon bangon da ya rataya mata ya buga ƙarfe huɗu, za ta jawo rishonta ta duba kananzir ta kunna. Rana ko ruwa, ba ta saɓawa.

Ranar da abin ya faru bai fita kasuwa ba, don kwana uku ke nan tankin babur yana yoyo yana jiƙa masa wando. Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya cire kujerar babur, ya rufe makullin mai, ya zare tiyon da ke zuwa kafireta. Ƙananan notika kuwa ba a barinsu a ƙasa. Ya ɗauko kwalin ashana a tagar kicin, ya juye 'ya'yan a aljihu, ya zuba notikan ciki kamar yadda ya saba a teburinsa. Saura man da ke cikin tanki, kusan lita uku. Ya duba hagu da dama, sai ga galan ɗin kananzir a gindin bango, babu ko ɗigo a ciki. Ya kafa mazurari ya juye fetur tas, ya rufe, ya mayar da galan daidai inda ya ɗauko shi. Kowane abu da mazauninsa, haka ya koya tun yana yaro.

Ya ɗaga tankin a rana, ya ga tsatsa ta huda shi a ƙasa, 'yar ƙofa kamar ta allura. Wannan kam sai walda. Ya rungumi tanki ya fita da ƙafa, har yana jin daɗin kansa.

Mai walda yana can bayan tashar mota, tafiyar minti ashirin. Ya karɓi tankin ya shinshina, ya miƙo masa abinsa.

"Haba, Mai Agogo, so kake ka tashi da ni sama? Sai an wanke shi da sabulu ya kwana a buɗe. Fetur ba ya yafiya. Ka dai juye man?"

"Na juye tas."

"A me?"

"A galan ɗin kanan..."

Sai ya tuna. A zuci ya hango galan ɗin a gindin bango, shuɗi, mai murfi ja, a wurin da tsohuwa ke miƙa hannu ta ɗauka ko da idonta a rufe. Jiya ta ce masa kananzir ya ƙare, ya ce zai sayo. Za ta ɗaga ta ji nauyi, ta sa masa albarka. Ya dubi agogon hannunsa, wanda bai taɓa yi masa ƙarya ba. Huɗu saura minti goma sha ɗaya.

Tankin ya faɗi ƙasa da ƙara. Ya lalubo waya. Tsohuwa ba ta riƙe waya, ta ce abin yana yi mata kuka a kunne. Ta matarsa ta yi ta ringi a cikin jaka, ƙarar kekunan ɗinki ta danne. Mai walda yana kiransa, "Lafiya? Kai, lafiya?" amma tuni ya tsallaka titi.

Mutum mai shekara hamsin da biyar, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan kujera, ba a yi shi don gudu ba. Bai kai kwanar farko ba ƙirjinsa ya fara zafi kamar an zuba garwashi. Ya ɗaga wa motoci biyu hannu, duk a cike. Takalminsa ɗaya ya tsinke, ya bar shi nan. Tsoro irin wanda bai taɓa sani ba ya kama shi. Ya taɓa ganin rishon da aka zuba wa fetur, a gidan wani abokin sana'arsa. Bai ga wutar ba, bangon kawai ya gani washegari, da zanen matar abokin a ƙasa. Duk addu'ar da ta zo bakinsa ya yi ta, rabi a fili rabi a zuci.

Yana gudu sai ya ji wani abu yana sukar cinyarsa. Ya sa hannu a aljihu, 'ya'yan ashana ne. Kwalin yana can cike da notika! Ya tsaya ya dafa bango, numfashi ya dawo masa, har ya kusa dariya. Ba ta da abin kunnawa. Sai kuma ya tuna maƙwabciya, matar kirki da ba ta taɓa hana tsohuwa komai ba, wadda ke miƙo gishiri da ashana ta kan katanga tun ba a gama tambaya ba. Yau kirkinta ne zai kashe masa uwa. Huɗu da minti biyu. Ya sake kwasa da gudu.

Tun daga bakin ƙofa warin ya buge shi. Babur yana tsaye tsirara a kan buhu, galan kuma ba ya gindin bango. Ƙofar ɗakin baya a buɗe take. Tsohuwa tana tsugune gaban risho, ta cika shi har ya malalo a siminti ya jiƙa gefen zanenta. A hannun hagu tana riƙe da sabon kwalin ashana, a dama kuma tsinke ɗaya, ta ɗora kansa a jikin kwalin.

"Inna! Kar ki kyasta!"

Ta ɗago kai a fusace. "Kai kuma lafiya kake yi mini ihu kamar..."

Ya faɗa a gwiwa ya kama hannayenta biyu ya danne a ƙirjinsa. Suna rawa a cikin nasa kamar kullum, nasa kuma sun fi nata rawa.

"Sake ni, ɗan nan! Wane irin mutum ne zai cika kwalin ashana da ƙarafa? Sai da na roƙi 'yar albarkar can. Ga shi kuma hannun nan ya ƙi, biyu na karya."

Ya dubi ƙasa. Tsinkaye biyu ne a cikin jiƙaƙƙen simintin, kowanne ya karye a tsakiya, kawunansu ba su kama ba.

"Fetur ne, Inna," ya ce. "Ni na zuba a galan."

Ta kai gefen zanen hancinta ta shinshina, ba ta ji komai ba. Sannan ta dube shi, ƙafa ɗaya babu takalmi tana jini, babban mutum yana kuka kamar yaron goye. Ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya ɗauke ta cak ya fitar da ita waje, ya kira maƙwabciya ta canza mata zane, ya fitar da rishon, ya wanke ɗakin sau uku.

Washegari ya tura babur ɗin har wurin bakanike, da kwalin notika a aljihu. Karyayyun tsinkayen biyu suna cikin aljihun teburinsa har yau, tare da ƙusoshin da suka fi kowanne ƙanƙanta. Ƙarfe uku da rabi yake rufe tebur yanzu, ko da mai kawo gyara a tsaye. Tsohuwa tana nan tana dafa shayinta da kanta, tana zubar da rabi a tabarma. Shi kuwa sai ya ɗauko tsumma ya goge, bai sake yin tsaki ba.