Munkaila Mai Rariya, Maginin da Ya Bi Ruwa Har Makabarta

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Munkaila ɗan Illa a garin Matameye, cikin ƙasar Kance ta daular Damagaram, a watan Rajab na shekara ta 1252 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1836 Miladiyya. Mahaifinsa Illa magini ne da ya gaji sana'ar kaka da kakanni, mahaifiyarsa Shekara kuwa mutuniyar Ɗan Barto ce mai ginin tukwane, kuma daga wajenta ake jin ya gado rashin zama wuri ɗaya, domin an ce ko tuwo a tsaye take ci.

Karatu da koyon sana'a

Yana da shekara bakwai aka kai shi makarantar allo wurin Malam Ummaru a Dawce, inda ya kai izu ashirin da ƙyar da jiɓin goshi, saboda da zarar hadari ya haɗo sai a nemi Munkaila a rasa, sai an bi lungu-lungu a same shi tsugune yana kallon inda ruwa ya nufa. A shekara ta 1268 mahaifinsa ya gaji da sauraron ƙorafi, ya tura shi birnin Damagaram wurin wani magini Babarbare, ya shekara goma sha biyu yana kwaɓa ƙasa, yana murza tubali, yana jera azara. Bai yi suna a ɗaurin soro ko adon bango ba, waɗanda magina ke tinƙaho da su. Inda ya ƙware shi ne inda kowa ke toshe hanci: indararo, da kwata, da salga, da rariya, wato kafar da ake hudawa a gindin katanga domin ruwan gida ya samu mafita.

Dawowa gida da aure

Ya komo Matameye a 1280, bayan rasuwar mahaifinsa, kuma a 1282 ya auri Baiwa, ƴar wani maƙeri, mace mai haƙuri da kaifin baki, wadda ta haifa masa ƴaƴa shida, biyu suka koma tun suna goye. A wannan lokacin ne ya shahara da gwajinsa. Duk gidan da ya gama shimfiɗe wa tsakar gida, sai ya sa a kawo tulu cike da ruwa, ya juye a gindin indararo, ya watsa tafi ɗaya na ƙaiƙayi a kai, sannan ya bi ƙaiƙayin da ido har ya fice ta rariya. Idan ƙaiƙayin ya tsaya a hanya, to aiki bai yi ba, sai a farfasa daɓen a sake, ko da maigidan zai haɗiye zuciya.

Ƙa'idar alƙali

A shekara ta 1291, sakamakon yawan husuma tsakanin maƙwabta a kowace damina, alƙalin garin, Malam Idrisa, ya kira Munkaila suka tsara ƙa'ida bisa haƙƙin maƙwabtaka. An hukunta cewa indararon mutum ba zai zuba a gidan wani ba. Ruwan wanka da na wanke-wanke zai tsaya a ramin da aka cika da fasassun tukwane cikin gidan mai shi. Salga za ta nisanci katangar maƙwabci da kamu bakwai, rijiya kuwa da kamu talatin. Munkaila ya nace aka ƙara sharaɗin da mutane suka daɗe suna yi wa dariya, cewa kowace salga sai an yi mata abin da ya kira hanci, wato a jera wuyan tulu kan wuyan tulu a jikin bango har su zarce katanga, domin wari ya tashi sama maimakon ya kwana a ɗaki. Ruwan sama kuma dole ya fita titi ta rariya, kuma babu mai tarewa a sabon gida sai ƙaiƙayin Munkaila ya fita ƙofa.

Cikin shekara goma sha biyu ya gyara gidaje fiye da sittin, husuma ta kwanta, shi kuwa bai kwanta ba. Ruwa na sauka zai naɗe wando ya fita zagaye, yana zungurar rariyoyi da sanda, ya koma gida jagab. An ruwaito cewa wata rana Baiwa, tana matse masa riga, ta ce: “Maigida, ruwan nan da kake kora daga gidajen mutane, in ya bar ƙofa ina yake kwana?” Ya amsa mata a taƙaice: “Wannan ba ya cikin hukuncin alƙali.” Gaskiya ya faɗa, kuma a nan kuskurensa yake, domin shi da alƙalin duk sun auna cuta ne da maƙwabcin da ke iya kawo ƙara.

Rasuwar Baiwa da daminar 1307

Baiwa ta rasu a 1303 bayan gajeruwar jinya, aka rufe ta a gefen makabartar gabas, ta wajen gangare. Bai sake aure ba. Bayan shekara huɗu, a daminar 1307, aka yi ruwa kwana uku a jere, kuma ruwan da a da yake tsayawa a tsakar gidaje ya nutse a hankali, yanzu ya samu rariya sittin masu kyakkyawan gangare, ya haɗu a titi ɗaya, ya nufi gabas da ƙarfi. Ya yanka kwazazzabo a bakin makabarta, ya tafi da kabari uku, ya bar itatuwansu a fili, ya tsaya kamu shida kafin kabarin Baiwa.

Munkaila ya je ya gani, ya auna da hannunsa, daga nan ya zarce zauren alƙali ya kai ƙarar kansa. Malam Idrisa, wanda tsufa ya riga ya kama, ya tambaye shi wane ne mai ƙara, tunda babu maƙwabcin da ya koka. Sai ya ce: “Allah gafarta Malam, waɗanda na cuta ba su da halin zuwa, kuma uwar ƴaƴana tana cikin masu jira.” Alƙali ya ba shi izinin sake duk abin da ya ga dama.

Shekarun ƙarshe

Shekara bakwai ɗin da suka rage masa a duniya ya ƙarar da su ne wajen warware aikin hannunsa. Nufinsa shi ne ya juya ruwan garin yamma, zuwa kududdufin da magina ke haƙar ƙasa, wanda hakan ke nufin toshe rariyoyin da ya huda, da huda sababbi, da sake daɓen gida bayan gida. Mutanen da suka yaba masa a da suka koma zaginsa, wasu suka hana shi shiga, wasu suka laƙaba masa mai gadin kushewa. A daminar 1309 shingen ƙasar da ya yi a bakin titin gabas ya ɓalle, kamu shida suka koma uku. Tun daga ranar ya daina cin abinci a zaune, ya koma halin mahaifiyarsa sak, ya rame har ƴaƴansa suka ji tsoro, domin baƙin ciki da kunya suna cinsa, kuma bai ɓoye ba.

A ranin 1314 ya kammala babbar kwatar yamma, wadda ya shimfiɗe da duwatsu tun daga bakin kasuwa, ya huda rariya ta ƙarshe. Sai dai tulu ɗaya ba ya gwada gari guda, dole a jira ruwan sama, kuma kafin ya sauka ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Kullum sai ya sa a fitar da shi tsakar gida ya dubi gabas ko akwai hadari. Da ya ji jikinsa ya ƙi, ya kira babban ɗansa Lawwali ya yi wasiyya cewa a rufe shi a kamu ukun nan da suka rage tsakanin kwazazzabo da kabarin Baiwa, domin idan aikinsa bai yi ba, ruwa ya fara da shi.

Rasuwarsa

Munkaila ɗan Illa ya rasu da hantsin wata Talata cikin watan Zulhijja na 1314, daidai da 1897 Miladiyya, yana da shekara sittin da biyu, ba tare da ya ga ruwan da yake jira ba. Limamin gari ya yi masa salla, aka rufe shi inda ya nema, duk da masu haƙar kabari sun yi ta gunaguni cewa wurin bai da tabbas. Allah ya gafarta masa kurakuransa, waɗanda ya sani ya gyara da waɗanda bai sani ba.

Ya bar ƴaƴa huɗu: Lawwali, wanda ya gaje shi a gini, Isufu, manomi a Dawce, Lauratu, da ke aure a Ɗan Barto, da auta Fadima. Kwana goma sha tara bayan jana'iza aka yi ruwan fari mai ƙarfi, dukkansu suna Matameye ba su watse daga zaman makoki ba. Lauratu da Fadima suka watsa ƙaiƙayi kwando guda a bakin rariyar gidan mahaifinsu, Lawwali da Isufu kuwa suka tsaya a bakin kwazazzabo, kusa da kabarin iyayensu, suna jira cikin ruwa har aka ɗauke. Ko ƙwaya ɗaya ba ta iso gabas ba. Da la'asar aka sami ƙaiƙayin duka yana yawo a kan kududdufin yamma.