Fenti Arba'in a Ɗakin Tsvetanka

Tsvetanka maƙwabciyata ce. Ita tana hawa na takwas, can ƙarshen bene, ni ina na bakwai, daidai ƙarƙashinta. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana ɗinka wuyan riga a masaƙa a nan Pernik, har yatsunta suka karkace. Ta bar aiki da niyyar hutawa, sai ɓarin jikin mijinta Lyuben ya shanye. Bara ne aka shigo da shi gida a kan kujera, kuma tun ranar bai sake taka ƙasa ba. Ita ma iyakarta shagon burodi, da gudu ta je da gudu ta dawo.

Da aka sako ruwan zafi a bututu farkon hunturu, ƙarfen ɗumama ɗakin kowa ya ɗauka, ban da na ɗakin da Lyuben yake kwance. Ƙasansa ɗumi-ɗumi, samansa kamar ƙanƙara. Ko yaro a benen nan ya san dalili: iska ce take taruwa a hawa na ƙarshe ta tare ruwan. Ɗan noti ne a gefen ƙarfen, a murɗa shi, iskar ta huro, shi ke nan.

Na hau da filayata. Muka duba, muka shafa, babu noti. Lyuben ya fara tari mai nauyi, don haka muka kira Rumen mai gyaran famfo. Ya iso yana haki, ya durƙusa, ya kankare gefen ƙarfen da wuƙa. Fenti ne kan fenti: fari, shuɗi, ruwan ƙasa, fari kuma.

"Inna Tsveta, wane mai ƙaunar naku ne ya yi wannan aiki?"

Daga gado Lyuben ya ɗaga hannunsa mai lafiya. "Ni ne. Kowace bazara. Gidana ba ya zama da tsatsa."

"Sannu da ƙoƙari, Baba! Ka binne notin da ransa. Fenti ya kai arba'in a nan."

"Kai dai ka ce ba ka iya ba."

"Murɗe shi mana!" in ji ni. "Me aka kira ka yi?"

Rumen ya ce notin ya zama abu ɗaya da ƙarfen. In ya matsa masa zai karye, tafasasshen ruwa ya yi ta ambaliya har ɗakina. Sai an rufe layin gaba ɗaya, an zubar da ruwan hawa takwas, kwana biyu ba ɗumi. Wannan kuwa sai mazauna bene sun yarda.

Aka yi taro a bakin matakala, kowa cikin rigar sanyi. Donchev, shugaban benenmu, ya riƙe takarda kamar alƙali. Na yi magana har muryata ta dushe. Matar hawa na uku ta ce tana da jariri. Na hawa na biyu ya ce, "Wa ya aike shi fenti?" Mutumin da Lyuben ya fente wa ƙofa kyauta sau biyu! Tsvetanka ba ta ma tsaya an ƙirga hannu ba, ta koma sama don lokacin juya shi ya yi. Hannu uku muka samu. Donchev ya rubuta: sai watan Afrilu.

Hitar lantarki kuwa, da an kunna ta tare da murhu, wutar gidan take ɗaukewa. Na ce su sauko wurina. Lyuben ya ce gawarsa ce kawai za ta kwana a gidan wani.

Ranar Asabar muka cire ƙofar kicin, ni da ita, muka ja gadon da Lyuben a kai zuwa ciki, inda ɗumin murhu yake. Gadon ya cika kicin ɗin, firji ba ya buɗewa sai rabi. Tsvetanka ta ɗora tukunyar wake, ta haura ta kan ƙafafunsa ta ɗauko gishiri.

"Tsveta," in ji shi, yana kallon rufi, "saman nan ya yi baƙi da hayaƙi."

"Rufe mini baki, tsoho," ta ce. Ta ja kujera ta zauna a ɗan wurin da ya rage tsakanin gado da murhu. A nan take kwana yanzu, a zaune.