Issoufou, Mai Ruwan Zafin Shumaisi

Badamasi direba ne, amma ranar da sakhanar gidansa ta daina ba da ruwan zafi sai ya ga ai shi ma injiniya ne. Sakhana ita ce hitar ruwan wanka da ke rataye a banɗaki. Ya taka bokiti, ya sa wuƙar kicin ya kwance wani noti da bai san aikinsa ba. Ruwan sanyin Janairun Riyad ya kwararo masa tun daga hula har silifa. Ya fito yana kyarma, jallabiya ta manne a tumbi, sai ga surukarsa Hajiya Sabuwa tsaye a ƙofa.

Kwana shida ke nan da haihuwar matarsa Bilƙisu, Hajiya kuwa takanas ta taso daga Kano don wankan jego. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in la'asar ta yi babu ruwan zafi, za ta kwashe 'yarta da jaririyar zuwa gidan ƙaninta a unguwar Al-Nasim, sai sun yi arba'in. Jaka ma ta fara haɗawa. Badamasi, da ya shekara tara yana jiran haihuwa, ya lalubi waya ya kira Issoufou.

Issoufou Badamagare ne, siriri, mai furfura a gemu. A ƙauyensu na ƙasar Damagaram ginin rijiya ya gada, har ƙasa ta taɓa rufta masa a ƙafa, shi ya sa yake ɗan ɗingishi. Aikin gini ya kawo shi Riyad. Wani tsohon mai gyaran famfo ya lura yana kanga kunne a bango ya faɗi inda bututu ke yoyo, sai ya roƙi kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya ba shi shi. Shekara goma sha biyu ke nan yana hawa benayen unguwar Shumaisi da jakar kayan aiki. 'Ya'yansa huɗu, babu wanda aka haifa yana gida. Wataƙila shi ya sa in aka ce masa gidan mai jego ne, ko shayi ya ɗauka sai ya ajiye.

"Bawana, me ka ɓata?" in ji shi daga shigowa, don tsakanin Badamagare da Bakano ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Ni na ɓata? Abin ne ya tsufa kamar kai."

Issoufou ya kashe wuta, ya ƙwanƙwasa tankin da ɗan yatsa, ya saurara. Ya zuƙe ruwan, ya zaro ƙarfen da ke dafa shi. Ya yi fari fat, gishirin ruwan garin ya daskare a kai kamar kanwa, tsakiyarsa ta ƙone.

"Wa ya murɗa maɓallin zafin nan har ƙarshe?"

Badamasi ya dubi silin. Shi ne, don Hajiya ta ce ruwan bai kai na murhu ba.

Issoufou ya sa sabon ƙarfe daga jakarsa, ya mai da notin, ya rage zafin. Sannan ya russuna a ƙofar falo. "Hajiya, wannan ba tukunya ba ce, ba ta tafasa. Ta ba ki mai zafi, ki ƙara da na buta. In ta sake yin gardama, ko ina kan bene na goma zan sauko."

"Kai ma kana da iyali?" in ji Hajiya.

"Matata Zouera na da ciki na biyar. Wannan karon kafili ya yi mini alkawarin hutu, in sha Allahu da ni za a yi suna."

Kafin la'asar famfo ya fara tururi. Hajiya ta tara hannu, ta janye da sauri, ta ce, "To, madalla." Ta koma ɗaki tana zazzage jakar.

Badamasi ya raka shi matakala yana fankama. "Ka ga aikin Kanawa? Na hana suruka tafiya."

Issoufou ya gyara jakarsa a kafaɗa. "Ka hana ta, khalas, shi ke nan. Saura kwana talatin da huɗu kana barci a falo, kana gaishe ta a durƙushe. Ranar da ka kira ni in zo in lalata sakhanar don ta tafi, ba ni ɗaukar waya."